Man Ti-tiri, Man Darbejiya ko Maganin Kemis: Wanne Ya Dace da Ƙuraje, Amosani da Makero?

Wanda ƙurajen fuska ko amosanin kai suka dama, in ya shiga kantin kayan kwalliya a Kano ko Kaduna, ko ya leƙa wurin masu talla a Instagram da WhatsApp, da wuya ya fito ba a nuna masa wata 'yar kwalba mai duhu da aka rubuta Tea Tree Oil, wato man ti-tiri, a jikinta ba. A gida kuma za a ce masa ga man darbejiya nan a ƙofar gida, me zai kai shi sayen na waje, yayin da mai kemis zai miƙo masa bututun man shafawa ya ce wannan shi ne magani. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da inda yake aiki, amma ba su yi daidai ba ta fuskar ƙarfi ko ta fuskar haɗari, kuma abin da ya dace da mai 'yan ƙuraje a goshi bai dace da yaron da makero ya ci wa gashin kai ba.

Man ti-tiri ana samun sa ne daga ganyen wata bishiya mai suna Melaleuca alternifolia, wadda asalinta fadamun gabashin Ostareliya ne, wato arewa maso gabashin jihar New South Wales da kudancin Queensland, kuma ba ta da dangantaka da ganyen shayin da muke sha. Mutanen Bundjalung, waɗanda ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa, sun daɗe suna murje ganyenta suna shaƙa saboda mura, suna kuma ɗorawa a kan rauni. A shekarun 1920 wani masanin haɗa sinadarai a birnin Sydney, Arthur Penfold, ya wallafa bincikensa kan yadda man yake kashe ƙwayoyin cuta, daga nan ya shiga kasuwa. Kasuwarsa ta faɗi bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka samu magunguna irin su fenisilin, sannan ta farfaɗo daga shekarun 1970 zuwa 1980 lokacin da aka fara noma bishiyar a manyan gonaki. Ana fitar da man ne ta hanyar turara ganyen, kuma abin da ake samu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin ɗanyen ganye ba, wanda shi ne dalili na farko da ya sa na gaskiya ba ya araha.

Ma'aunan da za a duba

Abu na farko shi ne hujjar aiki, wato ko an gwada abin a jikin mutane an kwatanta shi da wani magani, domin kashe ƙwayar cuta a cikin kwanon gwaji daban, warkar da fatar mutum daban. Na biyu farashi, kuma a nan kuɗin da za a kashe daga farkon magani zuwa ƙarshensa ake nufi, ba kuɗin kwalba ɗaya ba. Na uku jure ajiya, wanda a ƙasarmu yake da nauyi fiye da yadda yake a Turai, tun da a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi zafin bazara kan haura digiri 40, kuma ba kowane gida ke da firiji mai wuta kullum ba. Na huɗu sauƙin amfani, domin maganin da ke buƙatar awo da gauraya kullum mutane kan gaji su bar shi a hanya. Na biyar haɗari, ga mai shafawa da kuma yaran gida.

Zaɓin da za a ɗora a kan waɗannan ma'aunai guda huɗu ne: tsantsar man ti-tiri, haɗaɗɗun kaya masu ɗauke da shi, man darbejiya, da magungunan kemis da aka tanada domin waɗannan cututtuka.

Tsantsar man ti-tiri

Ta fuskar hujja, wannan mai ya fi yawancin mayukan tsirrai samun bincike, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. A 1990 an yi gwaji a Ostareliya da mutum 124 masu ƙurajen fuska marasa tsanani, aka ba wasu man shafawa mai kashi 5 cikin ɗari na ti-tiri, wasu kuma aka ba su benzoyil feroksaid, maganin ƙuraje na kemis, mai ƙarfi iri ɗaya. Dukkan biyun sun rage ƙurajen, sai dai ti-tiri ya fi jinkiri kafin a ga aikinsa, amma waɗanda suka yi kukan bushewar fata da raɗaɗi da ƙaiƙayi a ɓangarensa kashi 44 ne cikin ɗari, alhali a ɓangaren benzoyil sun kai kashi 79. Wani gwajin da aka yi a Iran a 2007 da mutum 60 na tsawon kwana 45 ya nuna cewa mai kashi 5 ya fi man da ba a sa komai a ciki ba nesa ba kusa ba.

A wajen cututtukan da ƙwayoyi dangin funfuna ke haddasawa labarin ya sha bamban, kuma a nan ne masu talla suka fi wuce gona da iri. A wani gwaji na 1992 kan ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, mai kashi 10 na ti-tiri ya rage ƙaiƙayi da saɓar fata, amma da aka auna sai aka tarar ƙwayar cutar ta mutu ne a jikin kashi 30 kawai, yayin da maganin kemis na tolnaftet ya kashe ta a jikin kashi 85. Ma'anar haka ita ce mutum zai ji sauƙi ya ɗauka ya warke, alhali cutar tana nan kwance. Sai da aka ɗaga ƙarfin man zuwa kashi 50 a gwajin 2002 sannan aka kai ga warkar da kashi 64, kuma a wannan ƙarfi wasu fatarsu ta yi bori. A ciwon farce kuwa, an shafa tsantsar man sau biyu a rana har wata shida, waɗanda suka rabu da ƙwayar cutar ba su wuce kashi 18 ba.

Farashinsa yana hawa da sauka tare da dala tun da shigo da shi ake yi, kuma kwalbar mililita 10 ta ainihi takan yi tsada a ido. Amma in aka yi lissafi, kwalbar tana ɗauke da ɗigo kusan 200, cokalin shayi ɗaya kuma yana ɗaukar kusan ɗigo 100, saboda haka ɗigo 5 a cikin cokalin shayi na wani mai ya ba da haɗin kashi 5, kwalba ɗaya kuma za ta yi irin wannan haɗi sau 40. Matsalar ita ce mutum ba zai iya ƙarar da ita kafin ta lalace ba.

Lalacewar nan ita ce babban raunin tsantsar man a wurinmu. Da zarar an buɗe kwalba, iska da haske da zafi suna fara sauya sinadaran da ke ciki, wasu daga cikinsu suna raguwa, wasu sababbi masu sa fata bori suna ƙaruwa. Tsohon mai ya fi sabo jawo ja da kumburi da ƙaiƙayi, kuma wanda fatarsa ta taɓa yin bori da shi yawanci ba ya sake iya amfani da shi ko da sabo ne. Kwalbar da ta yi watanni a kan kantar kaya tana fuskantar rana a shagon da ke da rufin kwano, ko wadda aka juye daga babbar jarka zuwa ƙananan robobi masu haske, ta riga ta fara wannan tafiya kafin ta shiga hannun mai saye. Ana so a ajiye shi a kwalbar gilashi mai duhu, a rufe ƙam, a wuri mai sanyi, a kuma rabu da shi bayan wata shida zuwa shekara da buɗewa.

Ga kuma batun jabu. Hukumar daidaita ingancin kaya ta duniya tana da ma'auni mai lamba ISO 4730, wanda ya ce babban sinadarin man, terpinen-4-ol, ya kasance tsakanin kashi 35 da 48, sinadarin cineole kuma kada ya wuce kashi 10. Kamfanin da ke da gaskiya yakan rubuta sunan bishiyar cikakke, ƙasar da aka tatsi man, lambar rukunin da aka haɗa da ranar ƙarewar aiki. Akwai gwajin da za a iya yi a gida: a ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda a bar shi ya kwana, na ainihi zai tashi ya bar takardar kusan yadda take, wanda aka sirka da man gyaɗa ko wani man girki kuwa zai bar da'irar maiƙo mai sheƙi da ake hango haske ta cikinta. Wannan gwaji yana kama sirki da mai mai nauyi ne kaɗai, ba ya kama wanda aka haɗa da sinadaran masana'anta masu ƙamshi iri ɗaya.

Amfani da shi yana buƙatar haƙuri. Ba a shafa shi tsantsa a fuska, kuma ba ya narkewa a ruwa, in an ɗiga shi a kofi sai ya taso sama ya taɓa fata da cikakken ƙarfinsa. Dole a sirka shi da wani mai, a fara da ɗigo 1 ko 2 a cokalin shayi, a gwada a cikin damtse a jira kwana biyu. A nan akwai abin da ba a cika faɗa ba: gwaje-gwajen ƙuraje da man shafawa mara maiƙo aka yi su, mai haɗawa a gida kuwa man kwakwa ko man zaitun yake samu, kuma man kwakwa yana toshe ƙofofin fatar wasu mutane ya ƙara musu ƙurajen da suke gudu.

Haɗarinsa mafi girma shan sa ne. Guba ne a ciki, kuma an samu yara da suka sha ɗan kaɗan suka rikice, tafiyarsu ta zama ta tangaɗi, wasu har suka suma. Ba a ɗiga shi a kunne ko kusa da ido, ba a shafa wa kyanwa ko kare domin yana iya kashe su. A 2007 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da rahoton yara maza uku da ƙirjinsu ya kumbura bayan amfani da kayan da ke ɗauke da man wani fure mai ƙamshi da ake kira lafanda, ɗayansu har da ti-tiri, kuma ko da yake masana suna jayayya kan wannan har yanzu, ya isa dalilin nesanta shi daga ƙananan yara. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su tambayi likita tukuna.

Haɗaɗɗun kaya masu ti-tiri

Waɗannan su ne man fuska, shamfu, sabulu da ruwan wanke fuska da kamfani ya riga ya haɗa. A gaskiya su ne suka fi kusa da abin da aka gwada, in dai ƙarfinsu ya kai. A 2002 an gwada shamfu mai kashi 5 a kan mutum 126 masu amosani, suna wanke kai kullum su bar kumfar minti uku har mako huɗu, aka samu sauƙin kashi 41 cikin ɗari, shamfun da babu man a ciki kuma ya ba da kashi 11.

Abin lura shi ne kaya da yawa ba sa faɗin yawan man da ke ciki. In sunan ti-tiri ya zo can ƙarshen jerin sinadarai, bayan turare da launi, to ƙamshi kawai aka saya. Sabulu ya fi kowa rauni domin ana ɗauraye shi cikin daƙiƙoƙi. Sun fi tsantsar man tsada idan aka auna da yawan man da ke ciki, amma sun fi shi sauƙin amfani da aminci, ba awo ba gauraya, kuma kamfani mai kyau yakan sa abin da ke rage saurin lalacewa. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Shamfun yana da wata matsala ta daban ga mata: sharaɗinsa wanke kai kullum ne, macen da ta yi kitso kuma sai mako ɗaya ko biyu take tsefewa, don haka ba za ta samu abin da masu gwajin suka samu ba.

Man darbejiya

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, asalinta Indiya ce, an yaɗa ta a ƙasashenmu a zamanin mulkin mallaka, yanzu kuwa babu garin da ba ta yi wa inuwa. Daga ƙwallon 'ya'yanta ake matse man, mai kauri ne, launinsa tsakanin ruwan ƙasa da kore, warinsa kamar na tafarnuwa, yakan kuma daskare da sanyin hunturu. Shi ne mafi araha, kuma mai saye yana iya sanin wanda ya tatsa, abin da ba zai taɓa samu da man Ostareliya ba.

Rauninsa yana wajen hujja. An tabbatar yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, kuma sinadarinsa azadiraktin sananne ne wajen korar ƙwari a gona, amma gwajin da aka yi a jikin mutane kan ƙuraje ko makero kaɗan ne kuma ƙanana, ƙarfinsa ma yana bambanta daga mai tatsa zuwa mai tatsa. Yana tausasa busasshiyar fatar kai, sai dai nauyinsa bai dace da fuska mai maiƙo ba, warinsa kuma yana manne wa ɗankwali da matashin kai. Yana ɗan jure ajiya fiye da ti-tiri, amma zafi yana sa shi tsami. Ba a ba jariri shi a baki ko ɗigo ɗaya, domin likitoci a Indiya da Malesiya sun ga jariran da aka ɗura wa suka kamu da amai da jijjiga da kumburin ƙwaƙwalwa, wasu suka rasu.

Magungunan kemis

Domin ƙuraje akwai benzoyil feroksaid, wanda a kwalinsa za a ga an rubuta benzoyl peroxide, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 ko 10. Bincike ya nuna na kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da na kashi 10 kuma bai kai shi ƙona fata ba, wannan kuwa muhimmi ne ga baƙar fata, wadda duk inda ta yi kumburi takan bar baƙin tabo na watanni. Yana fara nuna aiki cikin mako huɗu zuwa shida, ƙwayoyin cuta ba sa sabawa da shi, amma yana busar da fuska musamman lokacin hunturu, yana kuma cin launin tufafi: gefen hijabi mai shuɗi da ya taɓa kumatu sai a wayi gari ya yi ɗigo-ɗigon ruwan goro da wanki ba ya fitarwa, haka tawul da rigar matashi. Shi ma ba ya son zafi, domin zafi mai yawa yana iya sa ya fitar da sinadarin benzin mai illa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta auna samfuri 95 a 2025 ta tarar fiye da kashi 90 ba su da matsala, amma dai kada a bar shi a mota ko a taga.

Domin amosani akwai shamfun ketokonazol mai kashi 2, wanda ake amfani da shi sau biyu a mako na mako biyu zuwa huɗu, daga baya sau ɗaya a mako ko bayan mako biyu, kuma shi ɗin ne ake shafa wa ƙyasbi a jiki. Domin makeron jiki da tsakanin yatsu akwai kulotirimazol, mai araha amma yana buƙatar kusan mako huɗu, da tabinafin, wanda ya fi tsada amma yakan gama aiki cikin mako ɗaya zuwa biyu. Duk waɗannan suna da hujja mai ƙarfi, ba sa buƙatar gauraya, kuma suna kaiwa ranar da aka rubuta musu in an ajiye su a inuwa.

Haɗarin wannan ɓangare yana kan kanta ɗaya da maganin. Mayukan da ake tallatawa da cewa suna maganin abu uku a lokaci guda yawanci suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su betametason ko kulobetasol. Suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, suna ɗan haska fata, shi ya sa ake son su, amma suna ba makero damar yaɗuwa a ɓoye, suna sirantar da fata, suna kuma fito da sababbin ƙuraje. A ganina wannan ya fi duk wata illar ti-tiri ko darbejiya yawa a cikin jama'armu, saboda haka a karanta kwali a tabbatar maganin guda ɗaya ne a ciki.

| Zaɓi | Hujjar aiki | Farashi | Jure ajiya | Sauƙin amfani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsantsar ti-tiri | Matsakaiciya a ƙuraje, mai rauni a makero | Tsada, ga jabu | Rauni ƙwarai a zafi | Sai an auna an sirka | Borin fata, guba in an sha |
| Haɗaɗɗen kaya mai kashi 5 | Matsakaiciya a ƙuraje da amosani | Tsada | Matsakaici | Sauƙi | Ƙarancin man a ciki |
| Man darbejiya | Kaɗan | Araha | Matsakaici | Sauƙi, amma ga wari | Guba ga jarirai |
| Maganin kemis | Mai ƙarfi | Araha zuwa matsakaici | Mai kyau a inuwa | Sauƙi | Bushewar fata, faɗawa kan mai sitiroyid |

Wanne ga wa

Mai 'yan ƙuraje marasa yawa wanda fatarsa ba ta jure benzoyil, ko wanda ya gwada shi ya bar masa raɗaɗi da saɓa, shi ne ainihin mutumin da ti-tiri ya dace da shi, kuma haɗaɗɗen man fuska da aka rubuta kashi 5 a jikinsa ya fi masa tsantsar kwalba, da sharaɗin ya ba shi wata biyu zuwa uku kafin ya yanke hukunci. Wanda ƙurajensa suka yi yawa suna ja suna ɗurar ruwa ya fara da benzoyil mai kashi 2.5, dare ɗaya a shafa dare ɗaya a huta har fata ta saba. Wanda nasa manya ne masu zurfi da ciwo, suna barin rami, babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da zai ishe shi, likitan fata yake buƙata, kuma duk watan da ya ɓata yana gwaje-gwaje tabo ne yake ƙaruwa.

Namiji mai gajeren gashi da amosani mara tsanani, wanda ke wanke kai kullum, zai iya amfana da shamfun ti-tiri. Mace mai kitso, da duk wanda amosaninsa ya yi kauri har yana sauka gira da bayan kunne, ketokonazol ya fi musu domin ba ya buƙatar wanki kullum. In matsalar bushewar fatar kai ce ta hunturu, ɗan man darbejiya a cikin man kaɗanya ya wadatar, kuma shi ne zaɓin wanda aljihunsa bai kai na waje ba.

Ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa da makeron jiki na tabinafin ne ko kulotirimazol, tare da share tsakanin yatsu bayan wanka da alwala kafin a sa safa. Makeron kan yaro kuwa, wanda ke cin gashi ya bar fili, ƙwayar cutar tana cikin tushen gashi inda man shafawa ba ya kaiwa, don haka sai maganin sha irin su girisiyofulbin na makonni, wanda ma'aikacin lafiya zai rubuta gwargwadon nauyin yaron, a kuma raba masa mataji da hula da askar wanzami. Mai ciwon suga da ya ga rauni ko ruɓewa a ƙafarsa ya nufi asibiti kai tsaye kada ya ɗiga komai. Tsantsar kwalbar ti-tiri ta dace ne kawai da babban mutum da ya samu ta ainihi, yake da wuri mai sanyi da zai ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma ya yarda zai zubar da ragowar idan wa'adinta ya cika.